Ƙofa Ɗaya Ta Wadatar

Adireshin intanet na tsohon tsari, wato IPv4, bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba, kuma hukumar IANA ta raba ragowar da ke hannunta a watan Fabrairu na 2011. Masana sun hango wannan ƙaranci tun da wuri, shi ya sa a 1994 aka bayyana dabarar NAT: makaranta ta sami adireshi guda, kwamfutocinta kuwa su fake a bayan rauta. Rauta tamkar zaure ce. Wanda aka aika a kira, za a shigo da shi. Baƙon da ya yi sallama ba a neme shi ba, ba a san ɗakin da ya nufa ba, sai a mayar da shi.

Wannan bai dami mai karanta shafuka ba. Amma a tsarin BitTorrent, wanda Bram Cohen ya fitar a 2001, kowace kwamfuta tana karɓar gutsattsarin fayil tana kuma miƙa wa wasu, kuma biyu da ke bayan rufaffen zaure da ƙyar suke haɗuwa. Ta wannan hanya ake raba Debian da Ubuntu, da kundin Wikipedia na Kiwix da ake karantawa ba tare da intanet ba. Makarantar da ta ci wannan moriya, ya dace ita ma ta buɗe ƙofa don wasu su samu. Satar fina-finai kuwa laifin ɓarawo ne, hanya ba ta da alhaki.

Aikin ba shi da wuya. Lambobin ƙofofi sun kai 65535. Sai malami ya tsayar wa kwamfuta ɗaya adireshin cikin gida da ba ya sauyawa, kamar 192.168.1.20, ya zaɓi lamba guda sama da 49152, ya rubuta ta a manhajar, sa'an nan ya umarci rauta ta kai duk saƙon da ya zo da wannan lamba ga kwamfutar nan kaɗai.

Abin ƙi shi ne gajeruwar hanya. Tsarin UPnP yana barin kowace manhaja ta buɗe wa kanta ƙofa ba tare da an tambayi kowa ba, har da muguwar manhajar da ta shigo ta filashin ɗalibi. Zaɓin DMZ ya fi muni, domin yana tura kowane baƙo ga kwamfuta ɗaya. An ga abin da buɗaɗɗiyar ƙofa ke jawowa: Mirai ta kame dubban kyamarori da rautoci a 2016 ta ƙofa ta 23, WannaCry kuma ta bi ta 445 a 2017 ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Saboda haka a kashe UPnP, a rubuta ƙofar da aka buɗe a littafin ɗakin kwamfuta, a rufe ta in an gama.

Wanda ke shiga intanet ta layin wayar hannu, sau da yawa duk wannan ba zai yi masa aiki ba, domin kamfanin ya gina nasa zauren a gaban na gida, kuma mabuɗin yana hannun kamfanin.