Sharhi: Fim ɗin da muka biya a intanet, namu ne ko na haya?

Duk wanda ya san harkar kasuwa a arewacin Kamaru shekara 20 da suka wuce, ya san yadda kwalayen kaset da faifan bidiyo ke shigowa daga Kano. Wasu su biyo ta Yola ko Mubi su sauka Garwa, wasu kuma su ratso ta Banki da Amchidé, su bi ta Mora su isa Marwa. A unguwar Dougoï ta Marwa, kamar sauran unguwannin garuruwanmu, ba sai mutum ya iya Hausa sosai ba kafin ya zauna kallon fim ɗin Kano, domin Bafulatani da Babarbare duk da su ake dariyar. Yau kuwa teburan kaset sun zama na caza da murfin waya, kowa ya sunkuya a kan wayarsa yana kallo. Abin tambaya a nan shi ne, da muka bar kaset muka koma intanet, me ya rage a hannunmu?

Idan dai ba a manta ba, tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da fim ɗin Turmin Danya a Kano, kaset shi ne ƙashin bayan wannan sana'a. Dillalai su sara a kasuwar Ƙofar Wambai, direbobi su ɗauko, mu karɓa a bakin iyaka mu sayar. Wanda ya sayi kaset ya sayi kaya ke nan: ya kalla sau goma, ya ba maƙwabci aro, ya sayar idan ya matsu, ko ya ajiye wa 'ya'yansa. Babu wanda zai biyo shi gida ya ce ya dawo da shi.

To, a intanet ba haka abin yake ba, ko da kuwa an rubuta maka kalmar saye a kan allon waya. Abin da kake biya izinin kallo ne, wato haya, kuma mai gida yana iya tashinka. A 2009 kamfanin Amazon na Amurka ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin Kindle na mutanen da suka riga suka biya kuɗinsu, ya mayar masu da kuɗin ba tare da ya nemi shawararsu ba. A ƙarshen 2023 kamfanin Sony ya sanar da cewa zai janye shirye-shiryen Discovery daga hannun waɗanda suka saya ta PlayStation, sai da aka yi ca a kansa sannan ya fasa. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024, wadda ta tilasta wa kamfanoni su faɗa wa mai saye ƙarara cewa izini ne yake karɓa. Idan Ba'amurke mai lauya da kotu sai da aka yi masa doka, ina ga mai shago a Garwa wanda bai ma san ƙasar da ofishin kamfanin yake ba?

Mu a nan, makullan ma sun fi na Ba'amurke yawa. Na farko wuta. Arewacinmu ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma kowa ya san halin da ake shiga idan ruwanta ya ja baya da rani. Gaskiya ne kaset ma sai da wuta, amma ƙaramin janareto ko batirin mota ya ishe shi. Kallo ta intanet kuwa sai wayarka na da caji, eriyar kamfanin waya na aiki, kana da data, kuma igiyar da ke ƙarƙashin teku lafiyarta ƙalau. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu daga cikin waɗannan igiyoyi suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wayi gari intanet na tafiyar hawainiya, wasu ma babu shi kwata-kwata.

Makulli na biyu yana hannun hukuma. A 2017 an katse intanet a jihohin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na ƙasar nan, daga tsakiyar Janairu har zuwa Afrilu, wata uku cur. Maƙwabtanmu na Chadi sun yi kimanin wata 16, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, ba sa iya shiga Facebook da WhatsApp sai ta ɓarauniyar hanya. A Najeriya an rufe layukan waya a jihar Zamfara a Satumba 2021 saboda matsalar 'yan bindiga. Ba muna magana a kan dalilan waɗannan matakai ba ne, kowace gwamnati da hujjar da ta bayar. Abin lura shi ne, a irin wannan rana mai kwalin kaset yana da abin kallo da abin saurare, wanda ya dogara da intanet kuwa sai ya zura wa waya ido.

Akwai wani misali daga Kano kanta da ya fi fito da bambancin. A 2007 hukumomin jihar sun dakatar da shirya fina-finai na tsawon wata shida. Sabbin kaya suka daina zuwa, amma abin da ya riga ya tsallako iyaka ya ci gaba da yawo a shagunanmu da gidajenmu, babu takardar da za ta iya dawo da shi. A watan Mayun 2025 kuwa, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, ta ce a daina haska su a talabijin da intanet har sai an tace su. Wannan umarni kai-tsaye yake taɓa mai kallo a Marwa da Kusiri da Ngaundere, alhali ba ɗan Kano ba ne, ba kuma ɗan Najeriya ba. Tasha ɗaya ce a YouTube, idan mai ita ya cire shirin, ko kamfanin ya rufe tashar, an rufe wa kowa ke nan a lokaci guda.

To, amma fa kada mu yi wa kanmu ƙarya, mu ma da hannunmu a mutuwar kaset. Satar fasaha ce ta fara karya furodusoshi tun kafin intanet ya yi ƙarfi. Fim zai fito Kano yau, kafin mako ya zagayo an buga kwafinsa na jabu ana sayarwa a rabin kuɗi, kuma da yawa daga cikinmu mun san wanda muke sara. Daga baya masu tura fim a waya suka ƙarasa aikin, a cika maka memori da fim 20 a kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, wanda ya kashe dukiyarsa ya shirya fim ɗin ko sisi bai gani ba. Sannan rikicin Boko Haram ya kashe hanyar Banki da Amchidé daga 2014. Furodusan da ya koma YouTube ko tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, neman inda zai mayar da uwar kuɗinsa yake yi, ba za mu ga laifinsa ba. Shi ma ɗin ɗan haya ne, kamfanin ne ke yanka masa abin da zai samu daga talla.

Abin da ya fi damunmu shi ne tsofaffin kaya. Sabon fim yana da mai kula da shi, domin yana kawo kuɗi. Amma ɗimbin fina-finan da aka yi tsakanin 1990 da 2005 fa, waɗanda kamfanoninsu suka watse? Da waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da aka naɗa a wuraren biki, da karatuttukan malaman da suka riga mu gidan gaskiya? Da yawa daga cikin abin da muke ji a waya yau, wani ne ya ajiye kaset a akwati shekara da shekaru, sannan aka juye shi. Intanet ba rumbu ba ne mai tabbas. A 2019 dandalin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora na tsawon shekara 12, aka ƙiyasta sun kai miliyan 50. Shi kuma kaset zafi da ƙura suna cinye shi, faifai yana karcewa, kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyon kaset, ya daina tun 2016. Wato ko kaset ya tsira, na'urar kunna shi tana ƙarewa.

A ganinmu, magajin kaset na gaskiya shi ne memori da faifan ajiya na kwamfuta, domin abin da ke kansu yana hannunka ko da sabis ko babu. Wannan ya sha bamban da saukewar da wasu manhajoji ke ba da dama, inda fim ɗin yake kulle a cikin manhajar, kuma yana da wa'adin da zai daina buɗuwa. Matsalar memori ita ce halacci. Da furodusoshin Kano za su naɗa wakilai a Garwa da Marwa, su ba su izinin tura fim a kan farashin da aka amince, a riƙa biyansu da sefa ta waya, da mai tura fim ya zama dillali kamar yadda iyayenmu suka kasance a zamanin kaset. Mai kallo a nan sau da yawa ba shi da katin bankin Najeriya da zai biya kuɗin wata a wata manhaja, amma yana da kuɗi a hannu kuma ya san shagon da zai je.

Kafin a kai ga haka, waɗanda ke da ragowar kwalayen kaset a bayan shago su dakata da zubarwa. A ware waɗanda ba a samu a intanet, a nemi mai bidiyon da ke aiki da kwamfuta a juye su, a yi kwafi biyu a ajiye a gidaje daban-daban, tun kafin zafin watan Afrilu ya sake bi ta kansu.