Binciken Gida-Gida Kan Ilmi: Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Sau da yawa, in ma'aikacin gwamnati ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce an aiko shi ne ya ji yara nawa ne a gidan, da nawa ke zuwa makaranta, da dalilin zaman waɗanda ba su zuwa, sai a ga maigida ya sha kunu. Wani ya ce iyalinsa sun yi tafiya, wani ya faɗi uku alhali yana da tara, wani kuwa ya sallami baƙon tun daga zaure. Wannan hali ana samunsa a Daura da Haɗeja, ana kuma samunsa a Agege ta Ikko da unguwar Sabo ta Badun.

Tsoron nan yana da asali. Tun zamanin En'e, in an ga dagaci da malaminsa suna bin gidaje da littafi, to, an san kawuna ake ƙirgawa domin haraji, ko shanu domin jangali. A jihohin Kano da Kaduna sai a 1979 gwamnatocin Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa suka soke su. Har wa yau dattawa ba su manta da lokacin da akan ɗora wa mai unguwa kawo yara makarantar boko ala tilas ba, har iyaye na ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma harajin nan ya daɗe da zama tarihi, ɓoye-ɓoyen kuwa har yanzu ana biyan bashinsa.

Ƙasar nan ta taɓa ɗanɗana kuɗarta kan shirya ilmi ba tare da sahihin lissafi ba. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. Masu tsara shirin sun yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, amma da aka buɗe makarantu sai wajen miliyan 3 suka bayyana, cikinsu har da waɗanda suka wuce shekarun shiga da waɗanda ba su kai ba. Ƙidayar 1973 an soke ta a 1975 saboda rigimar da ta biyo baya, don haka ba abin dogara sai ƙiyasi bisa ƙidayar 1963. Sakamakon haka aka yi ta karatu a gindin itatuwa, aka yi ta yaye malamai cikin gaggawa, wasu ba su gama nuna ba aka tura su aji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai tambaya zai ce, ai kowace makaranta tana da rajista, me ya kai gwamnati bin gidajen mutane? Amsa ita ce rajista ba ta san kowa ba sai wanda ya shigo aji. Yarinyar da ke talla a tasha, da yaron da ke kiwo a bayan gari, da wanda ya yi aji uku ya bari, duk ba su cikin littafin hedimasta. Wani lokaci ma sunan yaro yana cikin rajista, shi kuwa rabonsa da makaranta tun damina. Saboda haka duk mai son sanin wanda aka bari a baya, tilas ya je inda yaro yake kwana.

Wannan shi ya sa Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, tare da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, ta gudanar da binciken ilmi gida-gida a 2004 da 2010 da 2015. Ita ma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da taimakon UNICEF, takan yi nata mai suna MICS, wanda ya haɗa ilmi da lafiyar mata da yara. Na 2021 ya shiga gidaje kusan 40,000.

Ba kowane gida akan shiga ba, wannan ne ma bambancinsa da ƙidaya. Akan raba ƙasa ƙananan yankuna, a zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a, a rubuta gidajen da ke cikinsu, sa'an nan a sake zaɓen wasu daga ciki. Misalinsa kamar mai sayen gero ne a kasuwar Dawanau: ba ya zazzage buhu duka, sai ya ɗebi kaɗan daga sama da tsakiya da ƙasa, ya san abin da ya saya. To, gidan da ƙuri'a ta faɗa masa yana magana ne da yawun ɗaruruwan gidaje irinsa. In maigidan ya ɓoye 'ya'ya mata huɗu, a lissafin gwamnati 'yan matan unguwa guda ya ɓoye, kuma ranar rabon azuzuwa da malamai ba za a yi da su ba. Haka nan wanda ya ce duk yaransa suna makaranta don gudun abin kunya, ya shaida wa hukuma cewa yankinsa ba ya bukatar kome.

Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce ta dalili. Yaron da bai je makaranta ba saboda nisa, maganinsa gina aji kusa da gida. Wanda kuɗin tufafi da littattafai da 'yan karɓe-karɓen makaranta suka hana, maganinsa daban ne. Wanda ake bukatarsa a gona lokacin noma, da yarinyar da aka cire domin aure, da wanda uban ya duba ya ga shekara biyar bai iya haɗa baƙi ba ya ce gara ya koyi sana'a, kowannensu da irin maganinsa. Likitan da bai ji inda ke ciwo ba sai ya ba da maganin mura ga mai ciwon ciki. Bugu da ƙari, masu binciken sukan miƙa wa yaro ɗan kati ya karanta jimla guda, su ba shi ɗan lissafi ya yi. Ta nan ne aka gane cewa zuwa makaranta daban, iya karatu daban, domin akwai yara da yawa masu zuwa aji kullum amma ba su iya karanta layi ɗaya.

Sai dai kuma nauyin ba a kan magidanta kaɗai yake ba. Gwamnati ma tana da nata, har ya fi yawa. Na farko, a gidan da aka rubuta "ba a shiga", aika namiji ɓata lokaci ne. Uwa ce ta san ranar da yaro ya yi fashi da abin da ya hana shi, kuma mace 'yar'uwarta ce kaɗai za ta iske ta a ɗakinta. Na biyu, a aika wanda ke jin harshen mutane, a kuma fara gaisawa da mai unguwa da liman, musamman a zangon Hausawa na Kudu, inda baƙo mai takarda yake saurin jawo zato.

Na uku, a yi tambaya daidai da ilmin da ke ƙasa. Dattijon da ke rubuta wasiƙa da lissafin fataucinsa da ajami, in aka miƙa masa katin boko kaɗai, sai a rubuta shi cikin marasa karatu, wannan kuwa zalunci ne ga shi da ga lissafin baki ɗaya. Haka matashin da ya shekara huɗu a wajen maƙeri, ko tela, ko bakanike, horo ya samu, ya kamata a ƙirga shi, in dai ana son a san inda za a kafa wuraren koyon sana'a.

Na huɗu, binciken gida ba ya ganin wanda ba ya kwana a gida. Almajirin da aka kai birni, a ƙauyensu ba ya nan, a zauren malam kuwa ba lalle a rubuta shi ba. Bafulatanin da ya tashi da garkensa, da wanda rikici ya kora sansanin gudun hijira, su ma sukan faɗi ta wannan kafa. Waɗannan kuwa su ne suka fi kowa bukata, don haka dole a yi musu nasu lissafin na musamman.

Na biyar, a yi ƙidaya. Ta 2006 ta ba da mutum miliyan 140, wadda aka shirya yi a 2023 aka ɗage ta. Bincike yana iya faɗin kashi nawa cikin ɗari ba su zuwa makaranta, amma mayar da wannan kaso zuwa yawan kawuna sai da ƙidaya. An daɗe ana ambaton yara miliyan 10.5, sai a 2022 UNESCO ta ce wajen miliyan 20 ne. Wani sashe na bambancin ya zo ne don na biyun ya haɗa 'yan shekara 6 har zuwa 18, amma duka biyun ƙiyasi ne da aka ɗora bisa tsohon tushe.

Daga ƙarshe, a mayar wa mutane abin da aka samo. Dokar Ƙididdiga ta 2007 ta hana a fallasa amsar wani mutum da sunansa, ya kamata a riƙa sanar da haka a rediyo kafin ma'aikata su fita. In an gama, a fassara sakamakon kowace jiha cikin Hausa da sauran harsuna, a karanta shi a majalisar hakimi, 'yan majalisar dokoki su riƙe shi lokacin muhawarar kasafin kuɗi. Magidancin da aka tambaya sau uku bai ga ko allon aji ɗaya ba, ba za a ga laifinsa ba in ya rufe ƙofa a karo na huɗu.

Duk da haka, rufe ƙofar ba zai gina aji ba. In ma'aikacin ya yi sallama, a nemi ya nuna katin shaidarsa, a shimfiɗa masa tabarma, a faɗa masa gaskiya, maza da mata, masu zuwa da marasa zuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.