Zafi da gumi: me ya sa ƴan wasa ke faɗuwa a fili?

A 2019 an yi gasar guje-guje ta duniya a Doha, ƙasar Katar. Don gudun rana, sai wajen tsakar dare aka sallami mata ƴan gudun kilomita 42. Duk da haka, cikin 68 da suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba. Zafin bai wuce digiri 33 ba, abin da mu nan Maraɗi ko Tawa za mu ce da sauƙi. To, me ya kada su? Laimar iska, wadda ta zarce kashi 70 cikin 100.

Duk mai saida ruwan sanyi ta san sirrin randa. Lokacin hunturu, da iska ke bushe, ruwan da ke tsattsafowa bayanta yana bushewa, na ciki ya yi sanyi. Da damina randa sai ta jiƙe kawai. Haka jikin ɗan Adam yake: zufa ba ta sanyaya shi sai ta bushe. In iska ta cika da laima, zufa ta yi ta zuba a banza, ruwan jiki ya ragu, zafi ya taru ciki.

Abin ya fi tsanani ga masu horon nan na zabura da hutawa: a yi gudu da iya ƙarfi minti ɗaya ko biyu, a ɗan huta, a sake. Cikin gumi, ɗan hutun bai isa jiki ya huce ba. Zuciya na raba jini biyu, wani kaso ga tsoka, wani ga fata, don haka kowane zagaye ya fi na baya wuya.

Manya sun ɗauki darasi. An kai gudun Olampik na Tokiyo garin Sapporo a 2021, aka maida kofin duniya na Katar Nuwamba da Disamba a 2022. Amma yaranmu ƴan ƙwallo da ƴan kokowa, wa ke duba musu lokaci? Ga shi zafi sai ƙaruwa yake: a Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48,5.

Iyaye mata, maganar ta shafe ku. Daga Mayu zuwa Yuni, in gumin bazara ya sauko, a yi horo da asuba, a tsawaita hutu. Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba. A hau sikeli kafin horo da bayansa: kowane kilo da ya ragu, kusan lita guda ce ta ruwa da za a mayar.

In yaro ya fara jiri ko sambatu, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwan sanyi nan take, sannan a nufi likita. Ledar ruwa ba ta da tsada. Rai kuwa ba shi da kasuwa.