RA'AYINMU: Muryar ɗan ci-rani ta iso gida da araha

Kowace shekara, da an gama girbi an ɗaure damman hatsi, samarin Damargu sukan kama hanya. Daga Tanut, Gangara, Olelewa da Belbeji, waɗansu su yi kudu zuwa Kano da Legas, waɗansu su bi hanyar Agadas zuwa Tamanrasat ta Aljeriya ko Sabha ta Libiya. Suna barin tsofaffi da mata da yara, waɗanda ba su da babban buri kamar su ji cewa matafiyinsu ya sauka lafiya.

A zamanin iyayenmu, labari yakan zo ta wasiƙa, ko ta kasat ɗin da aka ɗauki murya aka ba direban mota. Sai a yi wata biyu ana jira. Yau salula ta shiga ƙauyuka, amma har yanzu akwai magidancin da ke shafe watanni bai kira gida ba, don tsoron kada kuɗin waya ya cinye abin da ya tara. Wannan shiru yana da illa. A lokacin yaƙin Libiya na 2011, gidaje da yawa sun kwana ba su san ko ɗansu yana raye ba. Ko a zaman lafiya ma, ta waya ake shaida wa mutum cewa ruwan shuka ya sauka, ko mahaifiyarsa tana kwance, ta waya kuma yake aiko da lambar karɓar kuɗi.

To, ina dabara? Da farko, kada matafiyi ya riƙa kira da pus ɗinsa na Nijar a ƙasar waje, sai da larura. Layin yana aron hanyar kamfanin waccan ƙasa ne, shi ya sa kuɗin yakan ninka, wani lokaci har amsa kira ma sai an biya. Gara ya sayi pus na ƙasar da ya sauka, da takardunsa na shaida, ya adana na gida.

Na biyu, saƙon murya ta WhatsApp ya fi kiran kai-tsaye araha nesa ba kusa ba, gama ta intanet yake bi, kuɗinsa ɗaya ko Kano za shi ko Sabha. Shi ne magajin kasat ɗin da. Ba ya bukatar a iya rubutu, ba ya bukatar mutum biyu su kasance kan layi lokaci guda. Yana jira har salular gida ta sami rezo, sa'an nan ya shiga.

Na uku, a tsai da rana tun kafin tafiya. Ranar kasuwa ta fi, domin ranar ce mutanen ƙauye ke zuwa inda akwai rezo da wurin cajin batir. Wanda kira ya fi masa sauƙi shi ne zai kira, ɗayan ya yi masa bip kawai. A tuna kuma, lambar Nijar ita ce 00227, sai a bi ta da lambobi 8 na gida.

A nan ne aikin waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci yake. Tsohuwar da ba ta san lamba ba tana dogara ga maƙwabcin da ya sani. Ku rubuta wa kowane gida lambar ɗansu a takarda, ku koya musu buɗe saƙo, ku riƙe sirrin abin da kuka ji. Ku kuma gargaɗe su: in baƙuwar murya ta kira ta ce ɗanku yana cikin wahala, ku aiko kuɗi, kada a aika ko dala sai an ji muryarsa.

Saura hukuma. A watan Nuwamba 2024, a Yamai, hukumomin kula da sadarwa na Nijar, Mali da Burkina Faso sun sa hannu kan yarjejeniyar cire tsadar waya ga mai tafiya tsakanin ƙasashen uku. Wannan abin yabo ne. Amma ɗan Damargu ba Bamako ko Wagadugu ya fi zuwa ba. Saboda haka muna roƙon hukumar ARCEP ta nemi irin wannan shiri da Nijeriya, Aljeriya da Libiya. Muna kuma kira ga Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms da su ƙara kafa ƙarafan rezo a karkarar Tarka da Tenhiya, inda makiyaya suke. Arahar saƙo ba ta da amfani in ba shi da inda zai sauka.

Wanda ke jin muryar gida kowane mako ba ya mantawa da gonarsa, kuma damina ba ta riskarsa a ƙasar wani. Allah ya maido mana da matafiyanmu lafiya, amin.