Kumfar Iska a Ƙwaƙwalwa: Kada a Jira Hoto

A wannan mako za mu taɓo wani ciwo da kan iya nakasa mutum cikin 'yan sa'o'i: shigar kumfar iska cikin jijiyar jini har ta toshe hanyar ƙwaƙwalwa.

Yakan faru da mai nutso a teku idan ya taso sama da sauri yana riƙe numfashi. A asibiti kuma yakan biyo bayan aikin zuciya, wankin ƙoda, ko cire robar da aka sa a babbar jijiyar wuya. Nan take mutum zai rikice, ɓarin jikinsa ya shanye, ko ya faɗi sumamme.

Maganinsa shi ne a shigar da majinyaci ɗakin matsin iska yana shaƙar oksijin zalla. Tsarin da sojojin ruwan Amurka suka fitar, wanda aka fi bi, yana kai matsin kusan ninki 2.8 na iskar da muke zaune a cikinta, kamar mutum ya nutse mita 18 a teku. A wannan matsi kumfar takan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, oksijin kuma ya isa wuraren da jini ya yanke.

Mu dai a ganinmu, babban kuskure shi ne a tsaya jiran hoton ƙwaƙwalwa ya nuna kumfar. Sau da yawa hoton ba ya nuna ta, alhali ɓarnar na ci gaba. Binciken da likitocin Marseille a Faransa suka wallafa a 2002 kan majinyata 86 ya nuna waɗanda aka shigar kafin awa 6 sun fi samun sauƙi. Idan alamun suka bayyana daidai lokacin aiki, a kwantar da mutum, a sa masa oksijin, a fara neman ɗakin a take.

Wani zai ce ɗakin na da nisa, jigilar majinyaci kuma haɗari ce. Haka ne. Sai dai an samu waɗanda suka farfaɗo ko da an makara, don haka wucewar awa 6 ba hujjar naɗe hannu ba ce.

Mu da muke koyon rubutu, idan za mu kai labarinmu asibiti, mu nemi irin wannan sani tukuna. Mai karatu ɗaya da ya gane alamun nan zai iya kiran likita a kan lokaci.