Giɓin Harshe a Karatun Ilimin Halayyar Ɗan Adam: Misali Daga Unguwar Briqueterie

Unguwar Briqueterie da ke birnin Yawunde, wadda jama'a kan taƙaita sunanta su ce Birik, ta samo sunanta daga wata masana'antar bulo ta zamanin Turawa. A yau an fi saninta da babban masallacinta, da shagunan teloli da 'yan yadi, da tukubar masu tsire. Ana kiranta unguwar Hausawa, ko da yake Fulani da Barebari da Bamun da baƙi daga ƙasashe maƙwabta duk suna zaune a cikinta. Ba ta da nisa da tudun Ngoa-Ekelle, inda Jami'ar Yawunde ta Ɗaya take. Tushen jami'ar yana komawa shekarar 1962, kuma a 1993 aka raba ta gida biyu. A wannan jami'a akwai Sashen Ilimin Halayyar Ɗan Adam, inda ɗalibi ke yin shekara uku, wato zangon karatu shida, kafin ya sami digirin farko.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa faɗin fannonin da ake koyarwa a wannan digiri daidai yake, bai kamata a rage shi ba, amma akwai darasi guda da ya kamata ya shiga cikinsu: nazarin harshen mutanen da za a yi wa aiki. Ga ɗan Birik, wannan harshe Hausa ne, shi ya sa maganar ta shafi ɗaliban Hausa kai tsaye.

Abin da ake karantawa

Da yawa daga cikin iyaye, idan yaro ya ce zai karanci wannan fanni, abin da ke zuwa musu a rai shi ne sashen masu taɓin hankali na Asibitin Jamot. Alhali likitan ƙwaƙwalwa daga makarantar koyon likitanci yake fitowa, kuma nazarin cututtukan hankali reshe ɗaya ne tak daga rassa masu yawa. Tun da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwajensa a birnin Leipzig na Jamus a 1879, fannin yake ta yin rassa, har ya zama duk inda ake ba da digirin farko a cikinsa sai an bi da ɗalibi ta kusan hanyoyi iri ɗaya.

Akwai nazarin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da sinadaran jiki, inda ɗalibi ke koyon yadda saƙo ke tafiya daga ido zuwa ƙwaƙwalwa da abin da ke faruwa lokacin barci ko tsoro. Akwai nazarin fahimta da koyo da tunawa. A nan ake karanta aikin Hermann Ebbinghaus na 1885, wanda ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaici a rarrabe ya fi na lokaci guda amfani, abin da duk mahaddacin da ya san darajar tilawa zai gane. Akwai nazarin girman ɗan Adam daga goyo zuwa tsufa, da nazarin zamantakewa, wato yadda taro ke juya ra'ayin mutum da yadda ƙabilanci ke samun gindin zama. Akwai nazarin hali da bambancin mutane, da na wurin aiki da shugabanci, da na makaranta. A ƙarƙashin duka kuwa akwai ƙididdiga da dabarun bincike, darasin da ɗalibai suka fi gudu, wanda kuma shi ne ya raba wannan ilimi da hirar bakin titi.

Masu cewa an cika wa ɗalibi kaya suna mance cewa matsalar mutum ba ta zuwa da takardar shaida. Yaron da ya kasa karatu a aji, mai yiwuwa kunnensa ne ba ya ji sosai, ko yunwa ce, ko rikicin gida, ko kuwa Faransancin da ake koyar da shi ne bai zauna masa ba. Wanda ya karanci reshe ɗaya kaɗai, amsa ɗaya zai riƙa bai wa kowa. Haka nan wanda ya san aikin ƙwaƙwalwa shi zai gane cewa farfaɗiya cuta ce da ke da magani a asibiti, ya ba iyali shawarar su kai ɗansu.

Inda giɓin yake

Duk waɗannan darussa da Faransanci ko Turanci ake yin su, harsuna biyu na hukuma a Kamaru. Littattafan ma daga waje suke, binciken da ke cikinsu kuma a kan mutanen waje aka yi shi. A 2008 Jeffrey Arnett ya bi diddigin manyan mujallun fannin guda shida, ya tarar kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi nazari a kansu 'yan Amurka ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu arziki. Saboda haka abin da littafi ya kira halin ɗan Adam, sau da yawa halin wani yanki ne na 'yan Adam.

Kamaru da kanta ta ba da hujja a kan haka. Akwai sanannen gwajin da Walter Mischel ya fara a Amurka: a ajiye wa yaro abin kwaɗayi, a ce idan ya jira za a ƙara masa. A binciken da Bettina Lamm da abokan aikinta suka wallafa a 2017, an yi wa yara 'yan shekara huɗu wannan gwaji a Jamus da kuma ƙauyukan Nso na arewa maso yammacin Kamaru, inda aka ajiye musu fanke. Kusan kashi 70 na yaran Nso sun jira minti goman duka, na Jamus kuwa kashi 28 ne suka iya. Tun kafin nan, masanin Kamaru A. Bame Nsamenang ya yi jayayya a littafinsa na 1992 cewa ba a fahimtar girman yaron Afirka sai an dubi aikace-aikacen da gida ke ɗora masa da dangin da ke renonsa. Abin da yaran Nso suka nuna, Bahaushe yana da sunansa: haƙuri. Sai dai haƙuri ya wuce jiran fanke. Shi ake ba wanda aka yi wa rasuwa, da shi ake roƙon wanda aka ɓata wa rai, shi ake umartar amarya da shi ranar kai ta ɗaki. Wani lokaci shi ne ƙarfin da ke riƙe da mutum, wani lokaci kuma shi ne murfin da ke rufe cutar da ta kamata a faɗa. Mai ba da shawara da bai san bambancin ba zai iya yaba wa matar da take cikin halaka.

Misalai daga cikin harshen

A darasin fahimta, littafi yana lissafa hanyoyin sani biyar. Hausa kuwa da aikatau biyu take ɗaukar nauyin mafi yawansu: gani da ji. Ana jin sauti, ana jin wari, ana jin ɗaci, ana jin sanyi, ana jin tsoro, ana jin Hausa, yaro kuma yana jin magana. Wanda zai fassara tambaya a kan abin da mutum yake ji, dole ya san wane ji ake nufi. Karin maganar da ke cewa hankali ke gani, ido gululu ne, ita ma ta taɓo abin da darasin ke koyarwa, cewa ido yana karɓar haske ne kawai, ƙwaƙwalwa ke ba shi ma'ana.

Kalmar hankali kanta ta tattara abubuwan da manhaja ta raba wa darussa daban-daban. Yaro ya yi hankali, maganar girma ce. Mai da hankali, maganar natsuwa ce a kan abu. Taɓin hankali cuta ne. Tashin hankali kuwa yana iya zama fargabar mutum ɗaya, yana iya zama tarzomar gari. Haka zuciya da rai da ciki suke: ɓacin rai daban, baƙin ciki daban, kuma baƙin cikin da ake yi wa wani hassada ce. Matar da ta ce kishiyarta ta sa mata ciwon zuciya, ba lalle ne tana nufin abin da likita zai auna ba. Kalmar damuwa, wadda kafofin yaɗa labarai suke amfani da ita ga cutar da ke kashe wa mutum sha'awar rayuwa, ita ce dai ake faɗa idan kuɗin haya ya gagara. Idan aka fassara takardar tambayoyi ba tare da tantance waɗannan ba, za a sami lambobi, a yi musu ƙididdiga mai kyau, amma abin da aka auna ba shi ne abin da aka nufa ba.

Kunya ma haka. A darasin girman yara ana koyar da ra'in John Bowlby da Mary Ainsworth a kan shaƙuwar jariri da mahaifiyarsa. Ɗalibin da ya shiga gidan Bahaushe da wannan ma'auni, ya ga uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, zai iya rubuta cewa babu shaƙuwa. Ɗan unguwa ya san kunyar ɗan fari ce, kuma kaka da gwaggo sun cike gurbin. Binciken da Robert Marvin da abokan aikinsa suka wallafa a 1977 a kan jariran Hausawa a Nijeriya ya nuna cewa jariri yakan shaƙu da masu reno fiye da ɗaya. A fannin hali kuwa, Anthony Kirk-Greene ya fitar da siffofin mutumin kirki guda goma a aikinsa na 1974, daga ciki akwai gaskiya da amana da kunya da mutunci. Wannan jeri ya cancanci a ajiye shi kusa da ma'aunan halin da aka ƙera a Amurka, a ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Hujjojin masu ja

Za a ce Kamaru tana da harsuna fiye da 200, wanne za a ɗauka? Amsa ita ce ba a neman a koyar da su duka. Abin da ake nema darasi ne guda a kan yadda ake tattara kalmomin zuciya da hankali a kowane harshe, da yadda ake fassara ma'auni, a sa wani daban ya mayar da shi harshen asali, a gwada shi a kan masu harshen kafin a yi aiki da shi. Kowane ɗalibi sai ya yi aikinsa a harshen da ya iya, Ewondo ne ko Fulatanci ko Hausa. Malaman ma ba sai an nemo su daga nesa ba, domin Sashen Harsunan Afirka da Kimiyyar Harshe yana cikin tsangaya ɗaya da Sashen Ilimin Halayyar Ɗan Adam.

Za a kuma ce wannan zai buɗe ƙofar camfi, a shigo da maganar iskoki da sammu cikin kimiyya. Sanin yadda marar lafiya ke bayyana ciwonsa bai zama yarda da bayaninsa ba. Hanya ce ta samun amincewarsa. Thomas Adeoye Lambo ya nuna haka a Aro, kusa da Abekuta, daga 1954, inda ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu, yana yi musu maganin asibiti ba tare da ya raina fahimtarsu ba. Kuma nan ne amfanin faɗin manhaja yake fitowa: darasin ƙwaƙwalwa da na ƙididdiga su ne linzamin da zai hana darasin harshe kaucewa.

Bukatar ba ta jira. Tun 2013 sansanin Minawao da ke yankin Arewa Mai Nisa yake karɓar 'yan gudun hijira daga Nijeriya waɗanda rikicin Boko Haram ya kora, da yawansu kuma sun fi jin Hausa ko Barbarci a kan Faransanci. Wanda ya ga an kashe nasa ba zai so ya ba da labari ta bakin tafinta ba, musamman idan tafintan maƙwabcinsa ne.

Abin da ya rage ga ɗalibin Hausa

Ba sai an jira hukumar jami'a ta sauya manhaja ba. Ɗalibin Hausa, a Yawunde yake ko Kano ko Maraɗi, yana iya ɗaukar kalma ɗaya, misali fargaba ko takaici ko zurfin ciki, ya tattara jimlolin da take fitowa a bakin dattawa da matasa, maza da mata, ya rubuta abin da ke jawo ta, da inda ake jin ta a jiki, da abin da ake yi wa mai ita. Hausar Birik, da ta daɗe tana cuɗanya da Faransanci da Fulatanci, za ta ba da amsoshin da suka bambanta da na Katsina, bambancin kuma shi kansa abin nazari ne. Idan irin waɗannan ayyuka suka taru, ɗan Birik da ya gama shekara uku a Ngoa-Ekelle zai sami abin da zai dogara da shi ranar da wata tsohuwa ta zauna a gabansa ta ce zuciyarta ce ba ta da daɗi.