Filin Kimiyya: Tauraron da ya fashe, wa ya gani, wa ya tabbatar?

Wata ɗaliba daga Koguna a ƙaramar hukumar Makoda ta aiko da tambaya: "Malam, shin taurari ma suna mutuwa? In suna mutuwa, yaya ake sani?"

Ƙwarai kuwa suna mutuwa. Tauraro wata rana ce mai nisa, wuta ce ke ci a cikinsa. Idan babba ne, wanda ya ninka ranarmu nauyi kamar sau 8 ko fiye, ran da makamashinsa ya ƙare sai cikinsa ya rufta, ya tarwatse. Wannan fashewa ita masana ke kira sufanoba. Haskenta na 'yan makonni kan kai na biliyoyin taurari a haɗe.

Ba yau aka fara gani ba. A shekarar 1006, wato 396 bayan Hijira, wani matashi a Masar, Ali ibn Ridwan, wanda daga baya ya zama shahararren likita, ya ga sabon tauraro a kudu, ya rubuta cewa ya ninka Zahra girma kusan sau uku. Wanda Kepler ya bibiya a 1604 shi ne na ƙarshe da aka gani da ido a cikin garken taurarinmu. Shi ya sa yanzu ake farautarsu a wasu garkunan masu nisa, waɗanda ake kira galaksi.

To, yaya ake ganowa? Ana ɗaukar hoton galaksi da madubin hangen nesa, a gwada shi da tsohon hotonsa. In aka ga ɗigon haske inda da babu, an samu abin zargi. Amma gani ɗaya ba ya isa. Kun san yadda ake yi da jinjirin watan azumi: mutum ya ce ya gani, sai an tantance shaidarsa kafin Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Haka nan ma. Da farko a sake ɗaukar hoto bayan wani lokaci. In ɗigon ya gusa, dutse ne mai yawo a sararin samaniya. A kuma duba ko matsalar kyamara ce. Sannan a kai rahoto rajistar Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya, a ba shi suna mai farawa da AT. Daga nan wani babban madubi zai rarraba haskensa launi-launi kamar bakan gizo. Launukan ne ke nuna sinadaran da ke ciki da irin gudun da suke yi. Sai sun nuna fashewa ce kafin sunan ya koma SN.

Haka aka yi ran 19 ga Mayu 2023, da Koichi Itagaki, ɗan Japan mai sha'awar taurari, ya hango SN 2023ixf a galaksin M101. Cikin sa'o'i aka tabbatar. Hasken da ya gani ya yi shekara wajen miliyan 21 yana tafe.

Kada ku ce wannan aikin manya ne. A Janairun 2011, Kathryn Gray, 'yar shekara 10 a Kanada, ta gano SN 2010lt tana gwada hotuna a kwamfuta tare da mahaifinta. A Janairun 2014 kuma wani malami, Steve Fossey, da ɗalibansa huɗu a Landan suka ci karo da SN 2014J ana tsakiyar darasi.

Ku na Makoda kuna da abin da yaran birni ke nema: dare mai duhu, sama fes. Kakanninku sun san Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki ba tare da madubi ba. Kuma yawancin ƙarfen da ke fatanyarku, har da wanda ke cikin jininku, daga irin wannan fashewa ya samo asali.

Aikin wannan mako: ku zaɓi gefe ɗaya na sama, ku zana taurarinsa a littafi bayan sallar Isha'i, ku rubuta rana da lokaci. Bayan kwana bakwai ku sake zanawa, ku gwada. In kun ga bambanci, ku nemi aboki ya duba kafin ku faɗa wa kowa. Ku aiko mana da abin da kuka samu.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.